Kafin Ka Ce Moton Jirginka Ya Ƙone

Lokacin furojek ya kama, kuma cikin ayyukan da 'yan ajin ƙarshe na sashen lantarki da na kwamfuta suka fi ɗauka akwai shingen mahaɗar titi da layin dogo mai rufe kansa. Ƙaramin jirgin ƙasa na wasa yana zagaya layi a kan allo, na'ura ta ji tahowarsa, ƙararrawa ta buga, shinge ya sauka, jirgi ya wuce, shinge ya tashi. Aiki ne mai ma'ana a jiharmu. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, layin da ya ratsa ƙasar Katsina shi ne wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Birnin Katsina bai samu ba. Sai a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Mutanen da ba su saba da jirgi ba ne za su riƙa tsallaka wannan layi da babura da dabbobi da amalanken shanu, don haka zancen shinge zancen rayuka ne.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Duk wahalar da ɗalibi ya sha wajen haɗa Arduino da rubuta umarninsa, aikin gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan abu mafi araha a kan allon, wato ɗan moton da ke jan jirgin. In jirgi ya ƙi tafiya, shinge ba zai sauka ba, malaman da suka zo sauraron kare aiki kuwa abin da suka gani shi za su ba maki. Sau da yawa da zarar jirgi ya tsaya sai ka ji an ce "ai moto ya ƙone", a tara kuɗi a aika Kano a sayo sabon jirgi, bayan kwana uku shi ma ya tsaya. A abin da na gani a wakshop, yawancin motocin da ake yanke wa hukunci lafiyarsu ƙalau. Waɗanda suka ƙone da gaske kuma, akwai abin da ya ƙona su, kuma yana nan yana jiran sabon. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa hanyar bincike daki-daki, daga batir har zuwa canza moto.

Mene ne a cikinsa?

Moto nake nufi, ba motar hawa ba: ɗan injin nan da ke juyawa in an ba shi wutar batir. Mu da muka taso a Dudunni, cikin ƙaramar hukumar Kusada, mun san shi tun kafin mu san sunansa a littafi. Daga cikin mataccen rediyo mai kaset yara ke ciro shi, su ɗaura a motar kara ko ta gwangwani mai tayoyin tsohon silifas. Shi ne dai a cikin jirgin furojek, sai ɗan bambancin siffa.

Wani abin sha'awa, jirgin ƙasa na wasa kusan sa'an moto ne. Michael Faraday ya nuna a Ingila a 1821 cewa wutar lantarki da maganaɗisu na iya sa waya ta yi ta juyawa. Bayan shekara goma sha, wani maƙeri a jihar Vermont ta Amurka, Thomas Davenport, ya ƙera moto mai aiki da batir, ya gwada shi a kan ɗan ƙaramin keke mai bin layi, ya kuma samu takardar mallakar fasaharsa a 1837. Maƙeri fa, irin namu na bakin kasuwa.

In ka buɗe moton za ka tarar da abu biyar. Akwai maganaɗisu biyu manne a jikin gwangwanin. Akwai amecha, wato ƙarfen da ke juyawa a tsakiya, mai hannu uku, kowane hannu an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, kwayil ke nan. A jikin sandar amecha akwai zoben jan ƙarfe da aka raba gida uku, shi ake kira kwamiteta. Sai burushi biyu da ke gogar zoben suna shigar da wuta. Na biyar su ne bushin, 'yan zobban da sandar ke juyawa a cikinsu gaba da baya. Jiragen da suka fi tsada amecharsu na da hannu biyar don tafiyar ta yi laushi, amma aikin ɗaya ne.

Akwai ƙa'ida ɗaya da in ka riƙe ta, rabin binciken ya ƙare. Moto in yana juyawa, shi ma janareta ne: yana haifar da tasa wutar da ke tokare wadda batir ke turowa, don haka abin da yake sha kaɗan ne. In aka danne shi ya kasa juyawa, wannan tokari ya tafi, ba abin da ya rage sai juriyar kwayil. A ce juriyar om 1.5 ce, batir kuma bolt 3. Raba 3 da 1.5, ka samu amfiya 2. Zafin da ke taruwa a kwayil a lokacin wat 6 ne. Moton nan in yana gudu yana shan amfiya 0.3, zafin bai kai wat 0.14 ba. Ka ga sama da ninki 40 ke nan. Wato babban abin da ke ƙona moto shi ne a ba shi wuta alhali wani abu ya riƙe shi.

Wane irin jirgi ne a hannunka?

Iri biyu ake samu. Na farko, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, batir na cikin kan jirgin, layin kuwa roba ne, aikinsa riƙe taya kawai. Galibi batir biyu ne masu bolt 1.5, moton kuma shi ne ƙaramin nan da ake kira 130, irin wanda kamfanin Mabuchi na Japan ya yi fice da shi: yana aiki tsakanin bolt 1.5 da 3, kaurin sandarsa milimita 2.

Na biyu shi ne na masu sha'awar abin a Turai da Amurka, irin na kamfanonin Märklin da Hornby, wanda akan ci karo da shi cikin kayan gwanjo. Shi layinsa ƙarfe ne, ta layin wuta ke bi, tayoyi su ɗauka su miƙa wa moto. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda aka rage komai sau 87. Faɗin layinsa milimita 16.5 ne, wato milimita 1,435 na layin Abuja zuwa Kaduna in an raba da 87. Yawancin masu layi biyu suna aiki da wutar batir har zuwa bolt 12, amma na Märklin masu ɗigo-ɗigon ƙarfe a tsakiyar layi tsarinsu daban ne, kar ka haɗa su da na wani. Wasu na zamani kuma suna da ɗan allon sarrafawa a ciki. In naka na da shi, sai ka cire wayoyin moto daga allon kafin kowane gwaji, don kar ka ƙona allon.

Fara da kunne da ido

Kafin ka ɗauki sukundireba, kunna jirgin ka saurara. Kowace cuta da alamarta.

In ba fitila ba motsi, wuta ce ba ta isa ba, moto bai ma shigo zancen ba tukuna. In fitila ta kama ta dushe, kana jin gunji amma taya ba ta motsi, wani abu ya cije, kashe nan take. In kana jin moto na gudu fiii amma jirgi na tsaye, giya ce ta zame ko ta tsage. In sai an ɗan tura shi yake tashi, ko batir ya yi sanyi, ko burushi da kwamiteta sun yi datti, ko kwayil ɗaya ya yanke. Ƙara mai kama da kukan ɓera, bushin ne ya bushe. Ƙas-ƙas-ƙas da ke maimaituwa daidai da juyin taya, haƙorin giya ne.

Sannan ka lura da wurin da yake tsayawa. Jirgin da kullum a waje ɗaya yake cijewa, laifin layi ne: mahaɗar da ba ta zauna ba, kwanar da ta matse, ko datti in layin ƙarfe ne. Wanda ke tsayawa ko'ina kuwa, cutar na jikin kan jirgin. Wannan lura kaɗai ta isa ta raba maka aikin gida biyu.

Bi wuta daga tushe

Yanzu ɗauko mita. Dokar ita ce ka bi wutar kamar yadda ake bin bututun ruwa, daga tanki zuwa famfo, kar ka tsallake ko gaɓa ɗaya.

Batir tukuna, kuma ka auna shi yana cikin aiki. Nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Batirin da ya gaji zai iya nuna bolt 1.4 in ba komai a kansa, da an kunna moto ya faɗi ƙasa da 1. Ɗora bakin mita a kan batir, kunna jirgi, ka ga abin da ya rage. Batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 da ake sa wa mita, duk da yawan lambarsa, ba a yi shi don jan moto ba, 'yan mintoci zai yi ya durƙushe.

Daga nan sai gidan batir da makunni. Duba sifirin, ko ya yi tsatsa ko farin gishirin da tsohon batir ke zubarwa. Makunni in yana kunne, mita a bakinsa biyu ya kamata ta nuna kusan sifili. In ka ga rabin bolt ko fiye, makunnin na cinye wutar da ya kamata ta isa moto. Ja kowace waya a hankali a inda aka like ta da dalma. Waya kan yanke a cikin robarta, ido bai gani.

Masu layin ƙarfe, ku goge layin da tayoyin da ƙyalle da ɗan sifirit. Ƙurar hunturu in ta haɗu da maiƙo takan yi baƙin shafi da ke hana wuta wucewa. Kar a sa samfefa, don takan bar ƙananan kurji da datti zai zauna a ciki. Kar a sa fetur, yana cin roba. Duba kuma 'yan siraran ƙarafan da ke gogar bayan taya suna ɗaukar wuta, sukan lanƙwashe su daina taɓawa.

Waɗanda suka haɗa jirgin da Arduino, ku kula da wannan. Ƙafar Arduino miliamfiya 20 aka yarda ta bayar, 40 ita ce iyakar da in an wuce za ta lalace, moto kuwa yana neman ɗaruruwa. Dole a sa direba a tsakani. L293D miliamfiya 600 yake ɗauka a kowane layi, ƙaramin moton 130 na iya wuce haka a lokacin tashi. L298N yana ɗaukar amfiya 2, amma yana cinye wajen bolt 2 a jikinsa, don haka in ka ba shi 5, abin da ke isa moto bai wuce 3 ba. Auna a bakin moton kansa yana aiki. Wannan lambar ce ke faɗin gaskiya.

Giya da taya

In wuta na isa bakin moto daidai amma jirgi bai tafiya, kar ka yi saurin kama moto. Kwance shi ka ɗaga shi daga giya, sannan ka juya tayoyin da yatsa. Ya kamata su juya ba cijewa. Abin da aka fi tararwa shi ne gashi da zare da zaren kafet sun naɗe a sandar taya, ko tsohon giris ya bushe da ƙura ya zama kamar ƙaro. Allura da tsinken sakace sun isa aikin.

Gargaɗi ɗaya: in giyar da ke kan sandar moto mai murɗe ce kamar zaren noti, taya ba za ta taɓa iya juya moto ba. Wanda ya tura irin wannan jirgi da hannu a kan layi, haƙoran giya yake karyawa. Sai an ɗaga moton sannan a gwada tayoyin.

Duba ƙaramar giyar roba da ke bakin sanda a haske sosai. Takan tsage tsakanin haƙora biyu, tsaga siririya kamar gashi, sai sanda ta riƙa juyawa a cikinta. Wannan giya ce za a canza, moto ba ruwansa.

Gwajin moto shi kaɗai

Sai yanzu muka iso kansa. Cire wayoyinsa biyu, ya zama ba abin da ke haɗe da shi. Gwaji huɗu ne.

Na farko, juya sandar da yatsa. Za ka ji ɗan tsalle-tsalle na jan maganaɗisu, wannan daidai ne. Gurzawa ko cijewa ko sandar da ke kaɗawa gefe da gefe, bushin ya tafi.

Na biyu, sa mita a ma'aunin om. Fara haɗa bakinta biyu ka ga juriyar wayoyinta, don ka cire daga lissafi. Ɗora a bakin moto, ka juya sandar kaɗan, ka tsaya, ka karanta, ka sake juyawa, har ta zagayo. Lafiyayyen moto lambobinsa na kusa da juna. In a wani wuri lambar ta yi tsalle sama ƙwarai ko mita ta nuna babu haɗi, akwai datti a kwamiteta ko kwayil ya yanke. In a wani wuri ta faɗi kusan sifili, akwai gajeren haɗi.

Na uku, mayar da mita ma'aunin bolt, ka murza sandar da sauri. Tunda moto janareta ne, dole mita ta motsa. In ka murza ta ɗaya ɓangaren, alamar lambar ta juya.

Na huɗu, ba shi wuta kai tsaye daga batir mai kyau, da mita a jere a ramin amfiya 10. Ƙaramin 130 in ba kaya a kansa wajen amfiya 0.2 zuwa 0.3 yake sha. Tsayar da shi ka sake kunnawa sau goma, kowane karo sandar na wani matsayi daban. Wanda ya tashi sau goma cikin goma, ba zafi, ba wari, sake shi ya tafi, ba shi da laifi. In ka gama, ka tuna ka mayar da wayar mita raminta na bolt, in ba haka ba awon batir na gaba zai ƙona mata fis.

Mai gyaruwa da wanda ya tafi

Bushin da ya bushe, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin allura ya ishe shi, gaba da baya. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa. Mai in ya yi yawa yakan gangara kan kwamiteta, ya haɗu da garin burushi ya cike tsagogin da ke raba gidajen uku, ya jawo gajeren haɗi.

Kwamiteta mai datti ma tana wankuwa. Ɗaga 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe murfin baya, ka yi alama a gwangwani da murfi don su koma yadda suke. Goge zoben da auduga da sifirit, ka share tsagogin da tsinken sakace. Wajen mayarwa, fara sa amecha a cikin murfin, kana buɗa burushin da tsinke, sannan ka zura gwangwanin. Burushin ƙaramin moto siraran yatsun ƙarfe ne, in ka tura murfi da ƙarfi za su lanƙwashe, shi ke nan.

Wanda ya tafi kuwa ba ya ɓuya. Kwayil ya yi baƙi maimakon ja, yana warin ƙonannen fenti. Robar da ke riƙe burushi ta narke. Yatsun burushi sun cinye. Ko kuma moto na juyawa amma ba ƙarfi, yana shan wuta fiye da ƙima yana zafi cikin minti ɗaya. Masu riwayin na iya sake naɗa kwayil ɗin fanka ko na injin ban ruwa, amma a wannan ɗan abu, canzawa ta fi sauƙi da araha.

Zaɓen wanda zai maye gurbinsa

Kar ka je kasuwa ka ce "a ba ni moto". Tafi da tsohon a aljihu da mita a jaka, ka daidaita abu biyar: bolt ɗin da yake aiki da shi, amfiyar da yake sha, tsawo da faɗin jikinsa, kauri da tsawon sandarsa, da kuma gudunsa. Motoci biyu na iya zama kamar tagwaye a ido, ɗaya na bolt 3 ɗaya na 12, don bambancin na cikin kaurin wayar kwayil da yawan naɗinta. Juriya ce za ta tona asiri: na bolt 3 wajen om 1 ko 2 yake nunawa, na bolt 12 mai girman nan ya ninka haka sau da yawa. Sa na 12 a jirgin batir biyu, da ƙyar zai motsa. Sa na 3 a layin bolt 12, hayaƙi za ka gani.

Sabo ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyaran lantarki a Sabon Gari ta Kano, da kuma cikin Katsina. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Teburin kowane mai gyaran rediyo, daga Kankia har Kusada da kasuwar Charanchi, akwai kwalin matattun kaya a ƙarƙashinsa. Motar wasan yara da ta karye, sau da yawa 130 ne lafiyayye a cikinta. Moton da ke fito da faifai a na'urar DVD, mai siffar ganga, yana aiki da wajen bolt 3 zuwa 6, ba ya shan wuta sosai, gudunsa kuma a hankali, ya dace da furojek in akwai wurin zamansa. Na rediyo mai kaset yana da ɗan allon daidaita gudu a ciki, ɓangare ɗaya aka yi shi ya juya, bai dace da jirgin da ake so ya ja da baya ba. Wanda ka ga yana da waya huɗu ko fiye kuwa, irin na firinta, ajiye shi, batir kaɗai ba ya juya shi.

Ɗaurawa

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto da wayarka, ka kuma yi alamar wayar da ke zuwa kowane baki. In an juya su, jirgi baya zai yi.

Wajen cire giya daga tsohuwar sanda, tallafe ta daga ƙasa da ƙarfe mai tsaga, ka danna sandar ta fita. Wajen sa ta a sabon, jingina ƙarshen sandar na baya a kan ƙarfe, ka matsa a hankali da bais. Kar ka buga da guduma. Duka na tura amecha ta goce daga kan burushi, ka kashe sabon moto tun bai fara aiki ba. In dole sai an sa gam, ɗan kaɗan a cikin ramin giya, nesa da bushin.

Haƙoran giya kada su matse, kada su yi nisa. Dabarar ita ce ka sa siririyar takarda tsakaninsu, ka ɗaure moto, ka zare takardar. Likin dalma kuma daƙiƙa biyu ko uku ya isa, don bakin moto a jikin roba yake, kuma shi ke riƙe da burushi. Ka yi likin inda iska ke shiga, ka wanke hannu kafin cin abinci.

Masu Arduino, ku like ƙaramar kafasita mai lamba 104 a tsakanin bakin moto biyu. Tartsatsin burushi na iya sa Arduino ya riƙa sake tashi ko na'urar jin jirgi ta yi ƙarya. In tiransista ɗaya ce ke kunna moton, a sa dayod irin 1N4007 a juye a bakinsa. Batirin moto daban, na Arduino daban, a haɗa ƙasansu kawai.

Me ya kashe na farko?

Wannan tambaya ita ce ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Amsa uku na fi gani. Ta ɗaya, wuta fiye da ƙima: an gaji da sayen batir, an sa batirin litiyam 18650 guda biyu a jere. Kowanne in ya cika bolt 4.2 ne, biyu 8.4, kusan ninki uku na abin da moton ke iya ɗauka. Ta biyu, jirgi ya goce daga layi ya cije, an bar shi a kunne ana can ana gyara umarni a kwamfuta. Ta uku, neman rage gudu ta hanyar da ba ta dace ba. Jirgin wasa na da gudu, yakan iso mahaɗa kafin shinge ya gama sauka, sai a ɗora masa dutse ko ƙarfe a tarago. Nauyi na rage gudu, amma ta hanyar shaƙe moto. Ku tuna lissafin wat 6.

Gudun da ya dace ma kaɗan ne. Jirgin da ke kilomita 100 a awa, a ma'aunin HO santimita 32 kacal zai yi a daƙiƙa. Hanyar rage gudu ita ce PWM daga Arduino ta cikin direba, ko a sa dayod ɗaya a jere ya rage wajen bolt 0.7, ko kuma a matsar da na'urar jin jirgi nesa da mahaɗa, wanda shi ne abin da ake yi a layin gaske.

In an gama, bar jirgin ya yi ta zagaye minti goma sha biyar ba tarago, sannan da tarago. Taɓa moton. Ɗumi ba komai, amma in yatsa ya kasa zama a kai, koma kan giya. Rubuta bolt da amfiyar da ka auna ba kaya, da kaya, da lokacin tashi, ka sa a babi na huɗu na rahotonka. Malamin da ya tambaye ka dalilin zaɓen wannan direba, ga amsa a hannu da lambobi. Ba a fafe gora ranar tafiya: mako guda kafin kare aiki, moto na biyu da aka gwada, da giyarsa a jiki, da sabon batir su kasance cikin jaka, jirgin kuma a rufe da leda saboda ƙura.

Wannan sani bai ƙare a allon furojek ba. Moto mai burushi ne a cikin famfon feshi mai caji na bolt 12 da manoma ke goyawa, da yawancin fankokin caji, da wasu injinan aski, da abin goge gilashin mota. Da yawa ana jefar da su a garuruwanmu saboda makunni mai tsatsa ko waya ɗaya da ta yanke, ga shi kuɗin sabo ba ƙarami ba ne a wurin manomi. Ɗalibin da ya je hutu da mita da dalma zai samu na kati, ya kuma taimaki mutanen garinsu. Kan jirgin gaske ma, irin mai jan tarago tsakanin Abuja da Kaduna, dizal janareta yake juyawa, motocin lantarki ne ke murza tayoyin. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a Katsina za a nemi masu bin wuta daga tushe, suna auna kowace gaɓa kafin su ce a sayo sabo. Allah ya ba mu sa'ar kare aiki, ya sa mu fita da sakamako mai kyau.